Jiha Ga Babban Birni: Wa Ke Riƙon Ƙaho, Wa Ke Tatsa?

'Yan'uwa makiyaya, fataken shanu, dillalai da mahauta, da duk wanda wannan shafi ya iske shi a ruga ko a kara, ko yana karantawa da kansa ko ana karanta masa, maganar da muka kawo a wannan fitowa wasu za su ce ba ta shafe mu ba, amma muna roƙon a yi haƙuri a ji ta har ƙarshe.

Wata ranar kasuwa a Salaga, bayan an tashi daga ciniki, muna zaune a rumfar wani dillali ana sauraron rediyo, sai aka kawo labarin 'yan asalin Abuja da ke neman a mai da yankin babban birnin Nijeriya jiha mai gwamnanta, aka kuma ce mutanen Washinton babban birnin Amurka su ma sun daɗe suna wannan kuka. Wani dattijo daga cikinmu ya gyara zama ya ce, "To, ina ruwan biri da gada? Mu da ke neman inda saniya za ta sha ruwa, me ya haɗa mu da rigimar 'yan birni?" Aka yi dariya, aka ci gaba da wata hira. Amma tambayar Baba ta tsaya mana a rai, domin kuwa akwai ruwanmu. Abin da mutanen Abuja da na Washinton ke nema, a nan Gana an riga an yi shi shekaru fiye da 40 da suka wuce, an kuma sake yanka jihohi a gaban idonmu a 2019. Mu da muka gani, ya kamata mu iya faɗin abin da ke cikinsa, tun da gani ya kori ji.

YADDA ANKARA TA ZAMA JIHA

Turawan Ingila sun ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka kai ta Ankara a 1877. Bayan samun 'yanci, a 1960, aka ware birnin da kewayensa a matsayin gundumar babban birni. A taswira tana cikin Jihar Gabas, amma a aikace ministan ƙananan hukumomi ne ke riƙe da ita kai tsaye. Haka aka zauna, ita ba jiha ba, ita kuma ba kamar sauran gundumomi ba, har zuwa ranar 23 ga Yuli 1982, lokacin da gwamnatin soja ta Rawlings ta yi doka mai lamba 26, wadda ta mai da Ankara da kewaye jiha mai zaman kanta, aka haɗa mata da ƙasar Ada.

Ita ce ƙarama a faɗin ƙasa cikin jihohinmu, ba ta kai kashi 2 cikin 100 na ƙasar Gana ba, amma a ƙidayar 2021 an samu mutum fiye da miliyan 5.4 a cikinta, har ta ɗara Ashanti. Tana da kujeru 34 a majalisar dokoki, tana da majalisar sarakunanta, tana da wakili a majalisar ba shugaban ƙasa shawara. Mutumin Nima ko Madina yana zaɓen ɗan majalisa mai cikakkiyar ƙuri'a kamar yadda mutumin Yendi ke yi. An sha samun lokacin da 'yan majalisar unguwannin Ankara da yawa na jam'iyyar adawa ne, gwamnati kuma tana zaune a tsakiyarsu tana aikinta, ba abin da ya faru da ƙasa. Wannan a riƙe shi, za mu dawo kansa.

To amma su wa aka tambaya a wancan lokaci? Tsofaffin fatake sun san yadda filayen bayan Ankara suke a da. Daga Ashaiman zuwa Katamanso, Afienya, Dodowa har Ada, makiyaya ce shimfiɗe, garkunan attajiran Ga da Dangme a hannun Fulani masu kiwo, ana tatsar nono ana kai wa birni. Yau wanda ya sauke shanu a kasuwar Tulaku ya ɗaga kai, gidajen bulo yake gani ta kowace fuska. Filin da aka yi shekara da shekaru ana kiwo, an yanka shi fuloti-fuloti an sayar, wani lokaci ma a sayar wa mutum biyu fili ɗaya, 'yan daban fili su zo da makamai su tsare. Ba mu ce dokar 1982 ce ta kori shanu ba, birni ne ya girma, kuma birni dole ya girma. Abin da muke cewa shi ne, an shata iyaka, an ba da suna, an gina ofisoshi, amma ba a zauna da masu shanu an ce ga inda za ku koma ba. Birnin da ke cin naman shanunmu kullum safiya, shi ne bai bar wa saniya wurin tsayawa ba.

KUKAN ABUJA DA NA WASHINTON

Idan muka duba waje, sai mu ga mutanen Ankara ma sun yi sa'a. A Nijeriya, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta yi dokar kafa yankin babban birnin tarayya a watan Fabrairu 1976, aka yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci, aka danƙa ƙasar gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja. A ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare daga Legas. Gwarawa, Koro, Gade, Gwandara, Basa da sauran mutanen da aka iske a wurin, har da Fulanin da ke kiwo a tsakaninsu, suka wayi gari ƙasar kakanninsu ta zama ta kowa. Kowace jiha a Nijeriya tana da sanata 3 da gwamna da majalisar dokoki, amma Abuja sanata 1 gare ta da 'yan majalisar wakilai 2. Ba ta da gwamna, sai minista wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, wanda kuma ba ya buƙatar ƙuri'ar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda yake mulka. Idan ya aiko da motar rusau, ba ranar zaɓen da za a jira a rama.

Ta Washinton ma ta fi ban mamaki, ganin cewa Amurka ce ke yawo a duniya tana koya wa mutane dimokuraɗiyya. A ƙidayar 2020 birnin yana da mutum kusan 690,000, ya fi jihohin Wyoming da Vermont yawan jama'a, kuma mutanensa suna biyan harajin tarayya, 'ya'yansu suna shiga soja. Sai a 1961 aka ba su damar zaɓen shugaban ƙasa, a 1973 aka yi dokar da ta ba su magajin gari da majalisar birni, ita ma majalisar tarayya tana iya soke abin da suka zartar. Ba su da sanata ko ɗaya, wakilinsu a majalisar wakilai kuwa yana magana amma ba ya jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. A 2016 suka yi ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce suna son jiha. Majalisar wakilai ta amince a 2020, ta sake amincewa a 2021, amma maganar ta mutu a majalisar dattawa. A watan Agusta 2025 shugaba Donald Trump ya karɓe ragamar 'yan sandan birnin na wani lokaci, ya kuma jibge dakaru a tituna, abin da ba zai yi wa wata jiha cikin sauƙi haka ba.

Masu ƙin yarda suna da hujjarsu, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Suna cewa babban birni na kowa ne, idan aka ba shi gwamna, wata rana gwamnan zai iya zama ɗan adawa ya takura wa gwamnatin ƙasa a cikin gidanta. A Amurka kuma akwai lissafin jam'iyya, domin kowa ya san sanatoci 2 da birnin zai samu 'yan jam'iyyar Dimokurat za su kasance. A Nijeriya ana tsoron idan Abuja ta zama jiha, maganar ɗan ƙasa da baƙo za ta taso a wurin da aka gina domin ya zama ba na ƙabila ɗaya ba.

Mu dai ra'ayinmu a fili yake. Duk wanda ake karɓar haraji a hannunsa, ake yi masa doka, ya cancanci ya zaɓi mai mulkarsa, ko a babban birni yake ko a ruga. Ba wanda ya fi mu sanin zafin biyan jangali ba tare da an ji ta bakinka ba, saboda haka ba za mu ga wani a cikin irin wannan hali mu ce ba komai. Tsoron ɗan adawa kuwa, Ankara ta riga ta ba da amsa. Idan fadar shugaban ƙasa da majalisa ake jin tsoro, ai ƙudurin Washinton kansa ya ware ɗan yankin da waɗannan gine-gine suke, ya bar shi a hannun tarayya. Hana mutum dubu ɗaruruwa ƙuri'a don kawai an san wanda za su zaɓa, wannan zalunci ne ko da wane suna aka sa masa.

Amma hujja ta ƙarshe, ta ɗan ƙasa da baƙo, ita kam ba za mu yi wasa da ita ba, don a nan gyambonmu yake. A Nijeriya dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filin kowace jiha a hannun gwamna, majalisar jiha kuma tana da ikon yin doka kan kiwo, kamar yadda ta Binuwai ta yi a 2017 ta hana kiwon sake, makiyaya da yawa suka kwashe suka bar jihar. Wuƙar da ta yanka maka nama ita ce ke yanke maka yatsa. Idan Abuja ta zama jiha ba tare da an rubuta haƙƙin duk mazauninta ba, to Bafulatanin da kakansa ya yi kiwo a Gwagwalada tun kafin a aza tubalin farko zai iya zama baƙo a rana ɗaya. Saboda haka muke cewa a ba su jihar, amma a rubuta wa kowa haƙƙinsa kafin a naɗa rawani.

ABIN DA MUKA GANI A SALAGA

Yanzu mu dawo gida. Da farko a san cewa abin da muke kira jiha a Gana ba irin ta Nijeriya ko Amurka ba ce. Ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha da ake zaɓa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan jiha, shi ne kuma ke kawo sunan shugaban kowace gunduma, har da magajin garin Ankara, 'yan majalisar gunduma su amince da kashi 2 cikin 3. Wato ko Ankara da aka ba jiha tun 1982, mutanenta ba sa zaɓen mai riƙe da ita.

Duk da haka ba mu daina son jiha ba. A 1960 aka yanke Jihar Arewa aka fitar da ta Bolgatanga, a 1983 aka fitar da ta Wa. A 2017 shugaba Akufo-Addo ya kafa hukuma ƙarƙashin Mai Shari'a Brobbey, ta zaga tana sauraron jama'a. Tsarin mulkin 1992 ya ce sai rabin masu rajista sun fito, kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fito kuma sun ce e. Ranar 27 ga Disamba 2018 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka wuce wannan ƙa'ida nesa ba kusa ba, jihohi suka tashi daga 10 zuwa 16. Mutanen Salaga sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, da yawa suna sa ran garinsu ne zai zama hedkwatar Jihar Savannah. A watan Fabrairu 2019 aka ce Damongo ce, inda Yagbonwura sarkin Gwanja yake zaune. Matasa suka fusata har aka yi ƙone-ƙone a gari. Ba mu goyi bayan ƙone-ƙone ba, amma kowa ya san dalilin fushin. A da mutumin Salaga mota ɗaya zai shiga ya sauka a Tamale ya gama abin da ya kai shi. Yanzu hanyar da aka saba bi zuwa Damongo sai ta ratsa ta Tamale, wato ka wuce tsohuwar hedkwatarka kana kallonta, ka ƙara wata tafiya kamar wadda ka yi. An ce za a kawo gwamnati kusa da jama'a, mu a gabashin Gwanja sai ta ƙara mana nisa.

Tarihin Salaga kansa ya isa darasi. Kakanninmu daga Kano, Katsina da Sakkwato watanni suke yi a hanya domin su zo Gwanja sayen goro, Mosawa suna gangaro da shanu da tumaki, kuma ba za mu ɓoye ba, har da bayin Allah ake sayarwa a wannan kasuwa. Garin bai rasa girmansa don rashin suna ba. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta karkata, yaƙin basasar 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi, Yeji da Kintampo, a 1907 Turawa suka zaɓi Tamale ta zama hedkwatar arewa, sannan a shekarun 1960 ruwan madatsar Akosombo ya shafe mashigin Yeji, babbar hanya ta koma ta Kintampo da Buipe. Yau ina kasuwar shanun da tireloli ke cika a ƙasar Gwanja? Buipe, wadda ke bakin kwalta. Hanya da kasuwa da zaman lafiya su ke raya gari. Da a ce an gyara hanyoyin da suka haɗa Salaga da Makango, Kpandai da Bimbilla yadda ya kamata, ciniki da zai ƙaru ya fi abin da ofishin minista zai kawo.

YENDI DA BAWKU

Mutanen Yendi sun san ɗacin layin da ake ja daga nesa. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba gida biyu, Yendi da Ya Na suka faɗa hannun Jamus, Tamale da Savelugu suka faɗa hannun Ingila, ba a sake haɗe su ba sai bayan yaƙin duniya na farko. A zamaninmu an yi ta kiran a kafa jiha a gabashin arewa mai hedkwata a Yendi, amma ba ta shiga cikin 6 da aka yi wa ƙuri'a a 2018 ba. To, mu ɗauka an ba da ita gobe, me zai canja ga mai shanu? Tsarin mulki ya mayar da filayen arewa hannun sarakuna da masu ƙasa. Sarki ne ke saukar da mu, mu ba shi abin gaisuwa. Majalisar gunduma ce ke karɓar kuɗin shanu da na kasuwa. Majalisar tsaro ta jiha, wadda minista ke shugabanta, ita ke ba da umarnin a kore mu idan rigima ta tashi. Iyayen gida uku ke nan, kowanne yana da hannun karɓa, amma ranar da aka ƙone ruga sai kowa ya nuna ɗan'uwansa. Ba mu manta da Zamashegu ta ƙasar Gushegu ba, inda aka kashe Fulani 13 a watan Disamba 2011, ba mu manta da Zakoli kusa da Yendi ba a watan Afrilu 2022. Sabuwar jiha a irin wannan tsari, ƙarin uban gida ne kawai mai sabon hatimi.

Bawku kuwa ita ce shaidar cewa yanka ƙasa ba ya maganin rigima. Ƙasar da a da take gunduma ɗaya, yau majalisu 6 ne: Bawku, Zebilla, Garu, Tempane, Binduri da Pusiga. Kowacce da shugabanta da motarsa da masu karɓar harajinta. Amma rikicin sarauta da ya samo asali tun 1957 ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur, aka riƙa tare motoci a hanyar Walewale. Ba mu shiga tsakanin Kusasi da Mamprusi ba, dukansu iyayen gidanmu ne, muna kuma roƙon Allah ya kawo ƙarshen abin. Abin da muka sani shi ne, garin da shanun Burkina Faso da Togo ke shigowa ta Kulungugu da Pulmakom ya zama wurin da fatake ke tsoron kwana, kuma yawan gundumomi bai hana hakan ba.

Ga wani lissafi da kowane direban tirela zai tabbatar. Kafin 2019, wanda ya ɗauko shanu daga Bawku zuwa Tulaku jihohi 6 yake takawa. Yau 8 ne, domin Walewale ta zama wata jiha, Buipe ta zama wata, alhali hanyar ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Gundumomi kuma da suke 110 a 1988, yanzu sun haura 260. Kowace sabuwar hukuma tana bukatar kuɗin shiga, kuma ba abin da ya fi motar shanu sauƙin tarewa, don sun san mai ita ba zai iya jayayya ba alhali dabbobi na galabaita a rana. Mun taɓa rako mota daga arewa, aka tsayar da mu a wani shinge da takardunmu cikakku, na malamin dabbobi da rasit ɗin kasuwa, mai shingen ya ce wannan rasit ɗin wata gunduma ce, tasu daban take. Kafin a sasanta, wani bijimi ya kwanta bai sake tashi ba, aka yanka shi aka sayar a wulaƙance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA YA RAGE MANA

'Yan'uwa, mu ma muna da laifi. Lokacin da hukumar Brobbey take zagayawa, sarakuna sun je, matasa sun je, 'yan boko sun je da takardunsu, da yawanmu kuwa muna daji muna cewa ina ruwanmu. Aka raba ƙasa ba a ambaci burtali ko mashaya ba, tun da masu su ba su zo ba. Maganar sababbin jihohi da gundumomi ba ta ƙare ba, duk lokacin zaɓe sai an tayar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka muna kira da a yi waɗannan abubuwa tun yanzu.

Na farko, katin ɗan ƙasa da katin zaɓe. Tsarin mulki ya ce wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Gana ne, to shi ma ɗan Gana ne. Mun san wulaƙancin da ake yi wa 'ya'yanmu a wurin rajista saboda suna ko kamanni, amma kada wannan ya sa a koma gida. A je da shaidu, a je da ardo, idan an ƙi a kawo ƙara ga ƙungiya. Wanda ba shi da ƙuri'a, ko jiha 50 aka yi ba a yi da shi ba.

Na biyu, kujerun naɗi. Doka ta ba shugaban ƙasa ikon naɗa har kashi 30 cikin 100 na 'yan majalisar kowace gunduma, bayan shawara da sarakuna da ƙungiyoyin da abin ya shafa. Muna kira ga gwamnati, duk gundumar da ke da kara ko rugage, a ba makiyaya da fatake kujera a cikin waɗannan. A can ne ake yanke kuɗin shanu kowace shekara, a can ake yin dokokin gunduma, kuma bai dace a yanka wa mutum haraji a bayan idonsa ba.

Na uku, rasit ɗaya. Wanda ya biya a kasuwar da ya ɗauko shanu, ya kuma karɓi takardar malamin dabbobi, ya wuce har inda zai sauke. Hukumomi su raba kuɗin a tsakaninsu yadda suka ga dama.

Na huɗu, kafin a sake shata wata iyaka, ko ta jiha ko ta gunduma, a fara shata burtali da mashaya a taswira, sarakuna da manoma da mu duk mu sa hannu. Wannan ya haɗa da Ankara da Kumasi da Tamale, inda ake bukatar filin saukar da shanu da ba za a sayar wa masu gini ba. Mu kuma a namu ɓangaren, a daina kiwon dare, a daina barin ƙananan yara da garke kusa da gonaki, wanda ya yi ɓarna ya biya ba tare da an kai ruwa rana ba. Manomi maƙwabcinmu ne, kuma shi ne zai tsaya mana ko ya juya mana baya ranar da za a yi ƙuri'a.

Na biyar, zaɓen shugabannin gundumomi. An shirya gyaran tsarin mulki kan wannan, har aka sa ranar 17 ga Disamba 2019 domin ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen gunduma, sai gwamnati ta janye shirin duka ana saura kwanaki. Muna goyon bayan a dawo da maganar. Mun san akwai haɗari, domin ɗan takara zai iya neman ƙuri'ar manoma da alkawarin korar shanu, kuma shi ya sa muka fara da maganar kati. Amma shugaban da ya san akwai ƙuri'u a rugage zai yi tunani kafin ya aiko da sojoji, wanda aka naɗo daga Ankara kuwa idonsa na kan wanda ya naɗa shi.

Saboda haka amsarmu ga Baba mai tambaya ita ce, biri da gada daji ɗaya suke kwana. Mutanen Abuja da na Washinton suna da gaskiya, muna yi musu fatan samun abin da suke nema, muna kuma ba su shawara a matsayin waɗanda suka riga su gani: kada su tsaya a kan suna, su tambaya wa zai zaɓi mai mulki, wa zai riƙe ƙasa, wa kuma za a kira baƙo. Mu ma waɗannan tambayoyi ne za mu riƙe duk ranar da ɗan siyasa ya zo Salaga ko Yendi ko Bawku da alkawarin sabuwar jiha. Mun daɗe muna riƙon ƙaho wasu na tatsa.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa jama'a wannan a taron wata, su kuma aiko mana da sunayen shingayen da ake karɓar kuɗi sau biyu da rasit ɗin da aka ba su, domin mu haɗa mu kai inda ya dace. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da dukiyarmu, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.